Uwar alade ta haihu ta ƙi abinci: me ake fara dubawa?

ƊanBilliri:
Barkanmu da yamma iyayena da 'yan'uwa. Tambaya ce a kan uwar alade, fara irin ta turawa, haihuwarta ta biyu. Ta haihu shekaranjiya da dare, 'ya'ya 11, duk da rai. Jiya ba ta taɓa abinci ba, yau ma ta shinshina ta koma ta kwanta. Ruwa tana sha amma kaɗan. 'Ya'yan sun fara yawan kuka. Wasu sun ce a yi mata allurar LA, wato maganin ƙwayoyin cuta mai daɗewa yana aiki a jiki, wasu sun ce gajiyar haihuwa ce a ƙyale ta. Me ake fara dubawa, kuma yaushe abin ke wuce gajiya ya zama ciwo?

Baba_Tula:
Ɗana, uwa ta ƙi abinci ranar haihuwa, ko ta ɗan taɓa kaɗan washegari, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma taka ta shiga kwana na biyu, ga 'ya'ya suna kuka, to ya wuce a ce a ƙyale ta. Kafin kowa ya faɗa maka sunan allura, ba mu amsar waɗannan. Zafin jikinta nawa? Ta yi kashi tun da ta haihu? Yaya kwanciyarta, a gefe take tana ba da nono, ko ruf da ciki ta danne nonuwan? Akwai abin da ke fita daga gabanta, yana wari? Mabiyiya ta fita, ka gan ta da idonka?

Matashin_Bambam:
A yi mata LA da bitamin kawai, gobe za ta tashi.

Likita_Kaltungo:
Matashin_Bambam, ƙanena, ba a fara da allura ba a san abin da ake yi wa ba. Tambayoyin Baba su ne hanya.

ƊanBilliri, ka nemi ma'aunin zafin jiki, irin na batir da ake sayarwa a kemis ya isa. Ka shafa masa ɗan mai, ka sa a duburarta, ka karkata shi ya taɓa bangon ciki, kada ya nutse cikin kashi, ka jira ya yi ƙara. Uwa mai lafiya tana tsakanin digiri 38 da 39. Bayan haihuwa yakan ɗan hau zuwa 39.5 a rana ta farko, ya sauka da kansa. Idan an wuce awa 24 yana sama da 39.5, zazzaɓi ne. Ya kai 40 ko fiye, ranar ake fara magani. Ka auna da sassafe ko bayan faɗuwar rana, domin a wannan zafin na Afrilu idan ka auna da azahar rana kaɗai za ta ƙara maka lamba.

Abin da ya fi kama uwa tsakanin awa 12 da kwana 3 bayan haihuwa abu uku ne da kan zo tare ko ɗaya ya zo shi kaɗai: kumburin hantsa, ciwon mahaifa, da ɗaukewar nono. Yawanci ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi ne ke shiga ta kan nono ko ta gaba. Dafinsu ya shiga jini, ya kawo zazzaɓi, ya kashe mata sha'awar abinci, ya kuma danne sinadarin da ke sa jiki yin nono. Shi ya sa kake ganin uwa ba ta ci, 'ya'ya kuma ba sa ƙoshi, a lokaci guda.

Ka bi nonuwan ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, na sama da na ƙasa. Mai lafiya cike yake amma yana lotsawa. Mai ciwo yana da tauri da zafi, fatarsa ta yi ja ko shuɗi-shuɗi, kuma za ta zabura idan ka taɓa.

Maman_Rifkatu:
A ƙara da maganar mabiyiya. Da yawa suna barinta a ɗakin, uwa ta cinye, cikinta ya cushe ta ƙi abinci. A kwashe ta nan take a binne.

Kawu_Filiya:
Mama, kwashewa daidai ne saboda tsabta da ƙudaje. Amma cin mabiyiya ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kuma hana uwa ci har kwana biyu cur. Kada mutum ya jingina da wannan ya bar ainihin ciwon yana ci. Abin da ya fi muhimmanci a mabiyiya shi ne a tabbatar ta fita. Takan fito cikin awa huɗu bayan ɗa na ƙarshe, wani lokaci kashi-kashi a tsakanin 'ya'yan. Idan ba a gan ta ba, ko uwa na ci gaba da nishi tana harba ƙafar baya, a yi zaton akwai ɗa da ya rage a ciki.

Maman_Rifkatu:
Na yarda Kawu, zazzaɓi dai ba daga nan ba. Amma cushewar ciki tana faruwa.

ƊanBilliri:
Na gode. Na samo ma'auni na auna yanzu da magariba, 40.2. Ba ta yi kashi ba tun ranar haihuwa, sai 'yan ƙanana busassu guda uku. Ruf da ciki take kwanciya. Nonuwa biyu na baya a gefen hagu sun yi tauri da zafi. Daga gaba akwai ɗan farin ruwa kaɗan, ba wari. Mabiyiya ta fita, an binne. Ba ta nishi amma tana haki. Rufin ɗakin kwano ne.

Likita_Kaltungo:
To yanzu an ga hanya. Kumburin hantsa ne, ga bushewar ciki, ga zafin ɗaki ya ƙara mata. Ɗan farin ruwa marar wari a kwana biyu zuwa uku na farko wankin mahaifa ne, ba ciwo ba. Wanda ake tsoro shi ne mai yawa, ruwan ƙasa ko mai mugunya, mai ɗoyi.

Ka kira ma'aikacin lafiyar dabbobi mafi kusa da kai a daren nan. Ga abin da ya kamata a yi, don ka san abin da ake yi wa dabbarka.

Da farko nauyinta, domin magani da nauyi ake ba da shi. In babu sikeli, ɗauki tef na tela. Auna zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, sannan tsawo daga tsakanin kunnuwa zuwa gindin wutsiya, duka a mita. Zagaye sau zagaye sau tsawo sau 69.3, shi ne kilo. Misali zagaye 1.3, tsawo 1.3, ya ba ka kilo 152, ka ɗauka 150.

Maganin zafi da kumburi shi ne wanda mutane suka fi mantawa, alhali shi ke sa uwa ta juya ta ba da nono ta kuma tashi ta ci. Melosikam, miligiram 0.4 a kowane kilo. Idan kwalbar mai miligiram 20 a mil ce, mil 2 ke nan a kilo 100, mil 3 ga uwa mai kilo 150. Akwai kwalba mai miligiram 5 a mil, don haka a karanta jikinta. Ana iya maimaitawa bayan awa 24 idan zazzaɓin bai sauka ba.

Sai maganin ƙwayoyin cuta, kwana 3 zuwa 5 ba tsallake. Sai oksitosin don sakin nono: mai yunit 10 a mil, rabin mil zuwa mil ɗaya, a tara 'ya'yan a kan nono kafin a yi, domin nonon na zubowa cikin 'yan mintuna ya wuce. A maimaita duk awa 3 zuwa 4 a rana ta farko.

Wurin allura wuya ne, ɗan tazara bayan gindin kunne, da allura mai tsawon inci ɗaya da rabi. Gajeriyar allura a kitse take ajiye magani, ba ya aiki, wurin kuma ya yi ƙurji. Ba a yi a cinya.

Matashin_Bambam:
To Likita, ai ga shi an dawo kan LA ɗin da na faɗa.

Likita_Kaltungo:
Ba a dawo ba tukuna. LA oksitetirasaikilin ne, mil 1 a kilo 10 idan mai kashi 20 cikin ɗari ne, wato mil 15 ga wannan uwar, a raba wuri biyu ko uku saboda yana da zafi. Yana da amfaninsa. Matsalar ita ce an yi ta amfani da shi a kaji da awaki da aladu har ƙwayoyin cutar kashi da yawa sun daina jin sa. Ga kumburin hantsa an fi zaɓar haɗin tirimetofirim da salfa, ko amoksisilin, ko enrofuloksasin idan abin ya yi tsanani, kowanne bisa awon da ke jikin kwalbarsa. Kuma ko wanne aka yi, shi kaɗai ba ya sauke kumburi, ba ya sa ta yi kashi, ba ya ciyar da 'ya'ya 11.

Talasse_Agro:
Penstrep fa, haɗin fenisilin da sitireftomaisin? Shi ya fi samuwa a ƙauye.

Likita_Kaltungo:
In shi kaɗai ke hannu a yi shi da a zauna jira, kullum har kwana 3, yawanci mil 1 a kilo 25 amma a duba kwalba don kamfanoni sun bambanta. Sai dai ɓangaren fenisilin ɗinsa ba ya taɓa irin waɗannan ƙwayoyin, ɗaya ɓangaren ne ke ɗan yin aikin. Idan awa 24 zuwa 36 ta wuce zafi bai sauka ba, a canja. Kowane magani kuma yana da kwanakin jira kafin yanka, a rubuta ranar allurar ƙarshe.

Yaya_Cham:
Kan oksitosin ina da jan kunne biyu. Na ɗaya, ba ya son zafi, a firji ake ajiye shi. Wanda ya yi watanni a kan kanta a shagon kwano ƙarfinsa ya ragu, shi ya sa wasu ke cewa ba ya aiki su zuba mil 4 ko 5. In aka dace da mai ƙarfi, wannan yawan yana sa mahaifa ta ƙulle, uwa ta wahala a banza. Na biyu, sakin nonon da ke ciki kawai yake yi, ba ya ƙirƙiro nono. Uwar da ba ta sha ruwa ba, ko kwalba guda ka ƙarar mata ba abin da zai fito. Kuma ga masu karantawa da tasu ke nishi: ba a yin sa sai an tabbatar babu ɗa da ya tokare hanya.

Kawu_Filiya:
Gaskiya ne. Duba hanyar ma da ƙa'idarsa: a yanke farce, a wanke gabanta da hannu da sabulu, a sa doguwar safar hannu, a shafa mai santsi sosai, a haɗe yatsu a shiga a hankali, in ta yunƙura a tsaya. Amma wannan aikin ranar haihuwa ne. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu bakin mahaifa ya fara rufewa, wanda bai ƙware ba zai ji mata rauni ne kawai ya shigar da datti. Ta ƊanBilliri ba ta bukatar a sa mata hannu.

Baba_Tula:
Ku bar ni in yi maganar ruwa, don ita ce aka fi rainawa. Uwa mai shayar da 'ya'ya goma ko fiye tana bukatar lita 25 zuwa 35 a rana, a wannan bazarar har 40. Jarka ɗaya da rabi ke nan ta lita 25, ita kaɗai. Wanda ke zuba mata bokiti ɗaya safe da yamma yana hana ta nono da hannunsa. Ruwan ya zama mai sanyi, ba wanda ya wuni a baƙin tanki cikin rana ba. In famfon tsotso ne, a tara kwalba a ƙarƙashinsa, ya ba da aƙalla lita 2 a minti ɗaya. Bai kai haka ba, uwa mai ciwo ba za ta tsaya tana fama da shi ba, a ajiye mata a komi.

Kuma a tashe ta. Sau uku a rana aƙalla, a hankali, a rufe 'ya'yan a kwando tukuna. In ta miƙe za ta yi fitsari, ta sha ruwa, sau da yawa ta yi kashi. Da sassafe a fito da ita ta taka na minti goma a inuwa. Ka kalli fitsarin kuma, in ƙarshensa ya zo da jini ko fari mai kauri, akwai ciwon mafitsara, ka faɗa wa mai magani.

Maman_Rifkatu:
Ga bushewar cikin: dusar alkama kamar rabin kilo, a dama da ruwan ɗumi ta yi ruwa-ruwa, a sa cokali biyu na sukari da cokali ɗaya zuwa biyu na gishirin Efsom. A ba ta ganyen dankali, alayyafo, gwanda ko kabewa, sau da yawa uwar da ta ƙi dusa takan karɓi ɗanyen ganye. In ba ta karɓi komai ba, mai magani zai iya ba ta man farafin na sha. Na kemis nake nufi, ba kananzir ba, a kiyaye.

Mai_Dusa_Gombe:
Wasu suna jiƙa kanwa da gishiri su ba ta, wai yana buɗe ciki.

Yaya_Cham:
Kada a yi. Alade ba saniya ba ne a wajen gishiri. Wanda bai sha isasshen ruwa ba aka ƙara masa gishiri, yana taɓa masa ƙwaƙwalwa, ka ga yana kewaya wuri ɗaya, yana dafe kai da bango, yana farfaɗiya. Wannan uwar kuwa dama ruwan jikinta ya yi ƙasa. Gishirin da ke cikin haɗin abinci, rabin kilo a kilo 100, ya wadatar. Ko gishirin Efsom da Mama ta faɗa sai da ruwa a gabanta koyaushe.

MalamarGona:
Kowa na kan uwa, ni 'ya'yan nake ji. Su ne ke mutuwa da wuri. Ɗan alade ana haifarsa ba kitse a jiki, in ya rasa nono sukarin jininsa ya faɗi, ya yi sanyi, ya kwanta kusa da uwa don ɗumi, ita kuma ta danne shi. A ƙa'ida suna tsotso kusan duk awa ɗaya, nonon kuma daƙiƙa 10 zuwa 20 kawai yake zuba. Waɗanda suka ƙoshi kan kwanta su yi barci cikinsu a cike. Waɗanda ke yawo suna kuka, gashi a tsaye, ƙashin baya ya fito, yunwa ce.

ƊanBilliri, tun da sun tsotsa a daren haihuwa, da alama sun sami dakashi, wannan babban rabo ne, domin bayan awa 24 hanjinsu ba ya ɗaukar kariyar da ke cikinsa. Yanzu ka tallafa musu kafin nonon ya dawo. Madarar akuya ta fi. In ta shanu ce, ɗanya ba kindirmo ba, a tafasa ta huce, a kaɗa ƙwanduwar ƙwai ɗaya ko biyu a lita ɗaya, saboda nonon alade na da mai kusan ninki biyu na na shanu. A ba kowane mil 20 zuwa 30 duk awa biyu, da ɗumi, da sirinji marar allura, a gefen baki, a hankali, yana tsaye ko kwance a kan cikinsa. Ba a kwantar da shi rigingine a ɗura, madarar za ta shiga huhu. Wanda ya yi sanyi ya langaɓe, a ɗumama shi tukuna, sannan ruwan gulukos kaɗan, sannan madara.

Amma kada ka ƙosar da su har su bar uwar. Tsotso shi ke riƙe nono, kan nonon da aka bari kwana uku ba a tsotsa ba ya kafe ke nan sai wata haihuwar. Sau biyu a rana ka ware manya biyar a kwando na awa ɗaya, ƙananan su samu su kaɗai.

Talasse_Agro:
In akwai wata uwa da ta haihu cikin kwana biyu ko uku mai 'ya'ya kaɗan, a mayar mata da biyu ko uku. Manyan ake ɗauka, su ne za su iya ƙwatar nono a baƙon wuri. A haɗa su da 'ya'yanta a kwando ɗaya na kamar rabin awa, warinsu ya gauraya, sannan a sake su tare lokacin tsotso.

Kawu_Filiya:
A cikin gida ɗaya kawai fa. Kada a ɗauki 'ya'ya a kai gonar maƙwabci, kada a aro uwa. Kuma tun da an zo nan: duk wanda alade ya ƙi masa abinci da zazzaɓi, ya leƙa sauran ɗakunan. In uwar ce kaɗai, maganar haihuwa ce. In biyu, uku sun kwanta tare, zafi ya kai 41, kunnuwa da ciki sun yi ja ko shuɗi, wasu na mutuwa cikin 'yan kwanaki, a yi zaton zazzaɓin aladu na Afirka. Tun 1997 yake ƙasar nan, kuma kowa ya ji ɓarnar da ya yi a Oke-Aro wajen Legas a 2020. Ba shi da magani. A rufe gona, a sanar da ofishin lafiyar dabbobi, su ne za su aika samfur Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Saurin sayar wa mahauta shi ke yaɗa shi gari-gari.

ƊanBilliri:
Sauran duk lafiya suke Kawu, suna ci. Ba a shigo da sabon alade ba.

Kawu_Filiya:
Madalla. Mai zuwa yin allurar ma ya tsoma takalminsa a maganin kashe cuta, ya yi amfani da sabuwar allura.

Baba_Tula:
Mu koma kan hakin da ya ce tana yi. Alade ba ya gumi. Uwa tana jin daɗinta ne a wajen digiri 18 zuwa 20, mu kuwa nan Maris da Afrilu rana na kai mu 40, a ƙarƙashin kwano ya fi haka. 'Ya'ya su kuma 30 zuwa 34 suke so a makon farko. To uwa kaɗai za a sanyaya. A shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, a buɗe bango ta sama iska ta ratsa. A rataye jarka mai ɗan ƙaramin huji daidai saitin wuyanta da kafaɗa, ruwa na ɗiga kamar lita 2 zuwa 3 a awa, ko a riƙa ɗora jiƙaƙƙen buhu a wurin.

Matashin_Bambam:
Baba, in an sheƙa mata bokiti gaba ɗaya ba ya fi sauri ba?

Baba_Tula:
A'a ɗana. Ruwan zai gangara hantsa, ya kwanta a daɓe, ya haɗu da kashi, ita kuma ta kwanta da buɗaɗɗen kan nono a ciki. Ciwon da ake magani ke nan ka ƙara. 'Ya'yan ma su jiƙe su yi sanyi da asuba. Wuya da kafaɗa kawai, inda take kwanciya kuma ya kasance a bushe.

Yaya_Cham:
Kan shimfiɗa, a guji jiƙaƙƙen garin katako a ɗakin haihuwa, an san shi da tara ƙwayoyin da ke kawo kumburin hantsa. Busasshiyar ciyawa ta fi, a canja kullum. Nonuwa biyun da suka yi tauri kuma a gasa su da tsumma mai ɗumi sau uku ko huɗu a rana, a murza a hankali daga sama zuwa kan nono, a tatse abin da ya fito, ya fi sauƙi daidai bayan oksitosin. A duba kan nonuwan ko akwai tsaga. 'Ya'ya na zuwa da haƙora takwas masu tsini, in nono ya yi ƙaranci faɗa ke ƙaruwa su yi ta yaga.

Talasse_Agro:
Shi ya sa ake yanke haƙoran ranar farko, duka.

MalamarGona:
Ba dole ba ne a kowace haihuwa. Inda nono ya wadata ba sa faɗa sosai. In za a yi, tsinin kawai ake cirewa da abin yanka mai kaifi da tsabta. Wanda ya datse har dasashi ya fasa haƙori, ya buɗe wa cuta ƙofa, bayan mako ka ga gwiwoyi sun kumbura. A wannan yanayin dai, 'ya'ya 11 a kan nonon da ya ragu, in an ga raunuka a fuskokinsu da kan nono, a rage tsinin. Kuma kada hidimar uwa ta sa a manta allurar ƙarin jini a kwana na uku, miligiram 200 na sinadarin ƙarfe kowane ɗa.

Talasse_Agro:
Ni dai ina kan a yi wa duka tun farko, a yi shi daidai. Jiran a ga rauni jiran ciwo ne.

ƊanBilliri:
Barka da yamma. An yi mata allurai jiya da dare, an maimaita na yau. Zafi ya sauko 39.3. Ta yi kashi da safe bayan an fito da ita, mai tauri. Ta sha ruwa sosai, ta ci kamar rabin kilo na damammiyar dusa da ganyen dankali. Ta fara kwanciya a gefe. Nono ɗaya ya saki, ɗayan yana nan da tauri. Ƙanana biyu har yanzu ana ba su madara. Yaya zan ƙara mata abinci?

Likita_Kaltungo:
Alhamdu lillahi, hanya ta yi kyau. A ƙarasa kwanakin maganin ko ta warware, a ci gaba da auna zafi safe da yamma na kwana uku. Oksitosin a daina da zarar tana kiran 'ya'yan da gurnani suna ƙoshi. Deksametason, wani maganin kumburi da wasu ke ƙarawa, ba a haɗa shi da melosikam, haɗin na iya ƙona tumbi. In ka ga fatarta ta yi fari fat, kashi baƙi kamar kwalta, tana cizon haƙora, gyambon ciki ne, a dakatar da maganin zafin a kira mai magani. Bitamin B ba laifi, yana ɗan taimaka wa ci.

Mai_Dusa_Gombe:
Kan abinci, gobe kilo 1.5, sannan ka riƙa ƙara rabin kilo kullum. Lissafin da aka saba shi ne kilo 2 na uwa, da rabin kilo a kan kowane ɗa. Da 'ya'ya 11 ya kama kilo 7.5, amma a wannan zafin in ta kai 5.5 zuwa 6 ka gode Allah. A raba sau uku ko huɗu, mafi yawa da asuba da bayan magariba. A jiƙa shi, ta fi ci, amma abin da ya rage bayan rabin awa a kwashe a wanke komi, jiƙaƙƙen abinci na tsami da wuri kuma da ta ji tsami sau ɗaya sai ta juya baya.

Haɗin mai shayarwa a kilo 100: masara 55, wainar waken suya 22, dusar alkama 19, garin ƙashi 3, gishiri rabin kilo, firimis (haɗin bitamin da ma'adinai) kwatan kilo, laisin (sinadarin gina jiki) kwatan kilo. Zai ba ka furotin wajen kashi 17 cikin ɗari. In waken gida ne sai an soya ko an dafa, ɗanye yana hana narkewar abinci. A shinshina masarar, mai fumfuna ita kaɗai ta isa ta sa alade ya ƙi ci. Dusar burkutu kuma ciko ce, ruwa da ƙaiƙayi sun yi mata yawa, ba za ta riƙe uwa mai 'ya'ya 11 ba.

Maman_Rifkatu:
Rabin kilo kullum ya yi jinkiri a ganina. Ta riga ta yi asarar kwana uku. In ta share komi tana neman ƙari, a ƙara mata kilo ɗaya. Uwar da ta rame a shayarwa ba ta neman namiji a kwana 4 zuwa 7 bayan yaye kamar yadda ya kamata, sai ta ja makonni, haihuwa ta gaba kuma 'ya'yan su ragu.

Mai_Dusa_Gombe:
Mama, ga lafiyayyiya na yarda. Wadda ta tashi daga zazzaɓi da bushewar ciki, in aka cika mata komi takan ci da yawa rana ɗaya ta sake ɗaukewa kwana biyu.

Baba_Tula:
Kashinta zai raba ku. Ya yi laushi, tana sharewa cikin minti 20, a bi ta Mama. Yana nan da tauri, a bi ta Mai_Dusa. Sannan tambaya gare ka ƊanBilliri: nawa take ci lokacin ciki? Uwar da aka ƙosa ta yi ƙiba a wata uku da sati uku da kwana ukun nan ita ce ke wahalar haihuwa, ita ce kuma ke ƙin ci bayanta. Kilo 2 zuwa 2.5 a rana ya isa mai ciki. Kwana biyar kafin haihuwa a ƙara dusar alkama da ganye, a wanke ɗaki ya bushe, a wanke hantsar da sabulu.

ƊanBilliri:
Tana kai kilo 3.5 Baba, kuma ta yi jiki sosai. Nonon da bai saki ba fa, zai dawo?

Yaya_Cham:
A wannan shayarwar da wuya. A ci gaba da gasawa, in ya taru ya yi laushi a tsakiya kamar ƙurji a kira mai magani, kada a huda da kai. Bayan yaye a sake lalubawa: wanda ya bar dunƙule mai tauri a ciki yawanci ba ya sake ba da nono. Ka ƙirga masu aiki. Tana da 14 ta rasa ɗaya, ba komai. In 12 ne da ita ya zama 11, ka fara tunanin wadda za ta maye ta.

MalamarGona:
Ɗan da ke riƙe da wannan nonon shi za a sa wa ido, domin zuwa yanzu kowane ya kama nasa kuma ba mai sakar masa. Ka sa masa alama a baya, ka haɗa shi da ƙananan biyu a wajen madara, ka fara koya musu sha a faranti marar zurfi don ka huta da sirinji. Daga kwana 7 zuwa 10 a fara ajiye musu abincin 'ya'ya, tafi ɗaya a rana, a inda uwar ba ta kaiwa. Nonuwa nawa ne da ita duka?